Wancan Ciwon

"Bana na bar wa Abu Gassan," in ji Subhi, ya kurɓi shayinsa kamar ba daga bakinsa maganar ta fito ba.

Nazmi, wanda shi ne Abu Gassan ɗin, ya dire kofinsa ya bi fuskokin da ke teburin da kallo. Tsofaffin ƙungiyar masoya jirgin ƙasa ne, a gidan shayin da ke kallon tsohuwar tashar Amman, inda suke taruwa duk Alhamis su yi ta musu a kan jiragen da suka daina aiki tun 'ya'yansu ba su yi wayo ba. Sau ɗaya a shekara, idan sanyi ya wuce tuddai suka yi kore, ake hura wa tsohon jirgi mai tururi wuta ya kwashe su zuwa Jiza ya dawo da su. Mutum ɗaya tak ake bari ya hau kan jirgin ya tsaya kusa da direba, kuma bi da bi ake yi. Bana na Subhi ne. Ya shekara cur yana yi wa Nazmi gorin abin, don maƙwabta ne, matakala ɗaya suke hawa zuwa gidajensu.

"Ka bar mini?" in ji Nazmi. "Kai, Abu Haisam? Kai da ko ƙashin kaza ba ka bar wa kyanwa?"

"Hoto nake so in ɗauka. Wanda ke cikin jirgi ai ba ya ganin jirgi."

Nazmi ya juya wajen Ustaz Fa'iƙ, shugaban ƙungiyar, tsohon malamin lissafi wanda ya taɓa sa jirgi ya tashi ya bar ƙaninsa uwa ɗaya uba ɗaya a tasha don ya makara. Doka a fili take: in mutum ya janye, na bayansa ke hawa, Nazmi kuwa bai daɗe da hawa ba. Ya gyara zama yana jiran rigima, don shi rigima ce ke narkar masa da abinci.

"An amince," in ji Ustaz Fa'iƙ, idonsa a kan teburi.

Ba wanda ya yi gardama. Mutanen da sukan wuni suna jayayya a kan ƙusa guda! Wani ma ya miƙo hannu ya dafa kafaɗar Nazmi, ya ɗan matsa, ya yi ajiyar zuciya.

A nan gaban Nazmi ya faɗi. Da walakin, goro a miya.

Ya kama hanyar gida yana haɗa wannan da wancan. Watan jiya ciwon ciki ya matsa masa, ɗansa Gassan ya kai shi asibiti, aka ɗebi jini aka ɗauki hoto. Likita ya kira Gassan waje suka tsaya suna magana ƙasa-ƙasa, yaron ya dawo yana murmushi ya ce, "Iska ce kawai, Baba. Ka rage wake." Iska! Ai kowa ya san yadda ake yi a garin nan. Idan ciwon daji ya kama mutum, ciwon da ba a ambaton sunansa, sai dai a ce wancan ciwon a nemi tsari, ba a gaya wa mai shi. 'Ya'ya su sani, mata ta sani, mai burodin unguwa ma ya sani, shi kuwa a yi ta ce masa iska ce, sanyi ne, har ranar da za a wanke shi. Haka aka yi wa mahaifin Nazmi. A lokacin har shi Nazmin aka ɓoye wa, don cikinsa ba ya riƙe magana. In ka ba shi sirri da hantsi, kafin azahar ka je kasuwa ka tsinto abinka.

Tun daga ƙofa ƙamshin maƙluba ya tare shi. Matarsa Widad ta kife tukunyar a babban faranti, shinkafa da kaza da soyayyen yalo suka tsaya cak kamar hula. Ba Juma'a ba, ba baƙi, kuma bai roƙa ba.

"Wa ya mutu?" in ji shi.

"A'uzubillahi! Wace irin magana ce wannan? Wanke hannu ka ci."

Idanunta sun kumbura. Ya tambaya, ta ce albasa. Ya tambayi inda ta wuni, ta ce gidan Ummu Haisam, matar Subhi, sun tsince ganyen inabi. Wato har maƙwabta an kai labari ke nan. Ya ci loma biyu, sannan ya ɗana mata tarko.

"Ummu Gassan, kunafa nake sha'awa."

Shekara da shekaru ke nan da ta hana shi zaƙi saboda sukari. Ko a gidan biki ya miƙa hannu sai ta harare shi daga ɓangaren mata. Yau sai ta dube shi da tausayi.

"To, a sayo maka kaɗan. Duniyar nawa take?"

Shi ke nan, magana ta ƙare. Ya ture farantin, ya shiga ɗaki ya kira Gassan a waya.

"Kai, don girman Allah, me likitan nan ya ce maka a waje?"

"Baba, cewa ya yi ba ka jin magana, in sa maka ido a kan abinci. Lafiyarka ƙalau."

"Haka muka ce wa kakanka."

"Kai ba ka ce masa komai ba, Baba, ai ba a gaya maka ba."

Nazmi ya kashe wayar. Tsoro ya kama shi sosai, amma abin da ya fi ci masa rai shi ne Subhi. Mata da ɗa dole su yi ƙarya, aikinsu ne. Amma Subhi? Mutumin da tun suna samari suke bin layin dogo da ƙafa suna tsintar ƙusoshi da fasassun fitilu? Shi ma ya shiga sahun masu ba shi kyautar bankwana? Ya rantse sai ya tatsi gaskiya daga bakinsa.

Kwana biyu bayan nan ya same shi a tsakiyar matakalar unguwa, zaune da ledar tumatir a gefensa. Nazmi ya ce a ransa, ga shi nan, an aiko shi gadina, a ga ko zan iya hawa. Sai ya taka matakalar da ƙarfi kamar soja, ya zo ya tsaya a kansa yana haki.

"Me kake yi a nan?"

"Ina shan iska. Ko an sayar maka da matakalar?"

Ya ƙare masa kallo. Wuyan rigar Subhi ya yi masa yawa, bel ɗinsa kuma an huda masa sabon rami. Nazmi ya ce a ransa: Allah sarki, har ya rame saboda damuwata.

"Ka rame, Abu Haisam."

"Ummu Haisam ce ta sa ni gaba da dafaffen ganye, wai likita ya ce gyambon ciki ne. Kai dai ka ji daɗinka, an ce har kunafa ake sayo maka."

"Dube ni nan. Ka rantse da Allah ba abin da kuke ɓoye mini game da lafiyata."

Subhi ya ɗago kai ya dube shi, ya daɗe, sannan ya fashe da dariya har tari ya sarƙe shi.

"Na rantse da wanda ya ɗaga sama ba ginshiƙi, kai za ka binne mu duka, tsohon banza. Mugu ai ba ya mutuwa da wuri."

Rantsuwa ce sosai, amma Nazmi bai gamsu ba. Kai za ka binne mu, ai ita ce ainihin maganar da ake gaya wa mai shirin tafiya. Ya ɗauki ledar tumatir ɗin don ya nuna da sauran ƙarfinsa, ya wuce gaba. Bai lura da cewa sai da ya kai ƙofar gida ya daɗe tsaye kafin Subhi ya iso ba.

Ranar Asabar tasha ta cika maƙil. Mata da kwanduna, jikoki na guje-guje, tsofaffin ƙungiya kowa da kyamara rataye a wuya kamar laya. Jirgin na tsaye baƙi ƙirin yana huci, ga taragon katako a bayansa an goge su suna sheƙi. Duk wanda ya zo gaishe da Nazmi sai ya rungume shi ya wuce ƙa'ida, shi kuwa yana lura da kowa, yana cewa a ransa, kai ma da kai, munafuki.

Kafin ya hau ya ja Subhi gefe.

"Saurara, ba wasa nake ba. Fitilun jirgin nan da na tara a ɗakin sama, kai za ka riƙe su. In ka yi sake Ummu Gassan za ta bai wa 'yan gwangwan tun kafin a kwashe kujerun makoki. Ta jan gilashin nan kuwa, na san ka daɗe kana haɗiyar yawu a kanta, ka ɗauka na yafe."

"Ta jan gilashin ai dama tawa ce, ni na fara ganinta."

"Ƙarya kake!"

"To hau, kada su tafi su bar ka. Ka leƙo da kanka sosai in an zo gada, kuma ka rufe bakin nan, kada ka ɓata mini hoto."

Jirgi ya yi kuka ya ja. Kai, wanda bai tsaya kusa da direba ba bai san jirgi ba! Zafin wuta na dukan fuska, ƙarfe na rawa ƙarƙashin ƙafa, mai kula da wuta na ihu ba a jin abin da yake faɗa. Gidaje suka riƙa wucewa dab da hannu, mata na leƙowa daga saman soro, masu motoci na danna oda. Nazmi ya so ya ji daɗi, amma duk abin da ya gani sai zuciyarsa ta ce masa, kalla da kyau, na ƙarshe ke nan. Ya yi hawaye, ya ɗora wa hayaƙi laifi.

Da suka haye tsohuwar gadar dutse aka tsaya, kamar yadda aka saba kowace shekara. A nan masu hoto ke sauka su jeru a gefen tudu, jirgi ya koma da baya ya ɓace a kwana, sannan ya taho da gudu yana tuttula hayaƙi don kowa ya ɗauka. Saboda wannan ɗan lokacin ake shekara ana jira. A lokacin nan ko uwar mutum ce ta faɗi a gefensa ba zai waiwaya ba sai jirgi ya wuce. An taɓa yin wanda kunama ta harba, bai yi ƙara ba sai da tarago na ƙarshe ya shige.

Direba ya saki tururi, jirgi ya fito daga kwana yana ruri. Nazmi ya leƙo da kansa, ya rufe baki kamar yadda aka umarce shi, yana neman Subhi a cikin sahu.

Ba ya cikin sahu. Yana can ƙasa kaɗan, zaune a kan dutse, kyamarar na kan cinyarsa ko murfinta bai cire ba. Ya ɗaga hannu ɗaya yana murmushi, hannun bai ma kai kafaɗa ba. Ustaz Fa'iƙ na tsaye a bayansa ya tokare shi da gwiwa. Sauran kuwa, tsofaffin nan da ba sa waiwayar uwarsu, ga jirgi na tahowa a kan gada da hayaƙin da ba a taɓa samun irinsa ba, amma rabinsu sun sauke kyamara. Ba jirgi suke kallo ba, ba kuma Nazmi ba. Subhi suke kallo.

Daga sama komai ya fito fili. Ramin bel, zaman matakala, dafaffen ganye, kumburin idon Widad bayan ta dawo daga gidan maƙwabta. Matakan hawa kan jirgin ma, masu tsayin nan, ina Subhi zai iya taka su? Ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa. Nazmi ya riƙe ƙarfen taga. Abin kunyar da bai taɓa gaya wa kowa ba shi ne, farkon abin da ya ji sanyi ne a ransa, ashe ba ni ba ne. Kafin jirgin ya gama tsayawa sanyin ya juye ya zama baƙin cikin da ya fi tsoron da ya kwana da shi nauyi.

A Jiza, ana shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin itatuwa, ya ritsa Ustaz Fa'iƙ a bayan tankin ruwa.

"Wancan ciwon ne?"

Ustaz ya gyaɗa kai. "Ya ci jiki. Shi bai sani ba, iyalinsa sun roƙe mu."

"Kowa ya sani ban da ni? Ni da katangarmu ɗaya?"

"Abu Gassan, ka san bakinka."

Nazmi ya juya. Ya wanke fuska a famfo, ya goge da hiraminsa, ya nufi inda Subhi ya jingina da itace. Yana tafe yana jin maganar na taso masa a wuya kamar amai.

"Yaya, ka ga hoton ya yi kyau?" in ji shi.

"Murfin ya maƙale. Baɗi na ɗauka. Kai fa, me ya sami idonka?"

Nazmi ya buɗe baki. Ummu Haisam ta tsaya da cokali a hannu.

"Cikin nan ne," in ji shi, ya dafe ciki ya zube kusa da shi. "Na gaya maka ni na san tawa ta ƙare, kuna ta yi mini ƙarya."

Da wannan ya rayu a makonnin da suka biyo baya. Tunda bakin ba ya rufuwa, sai ya ba shi abin taunawa. Kullum da hantsi zai shiga gidan Subhi yana nishi, ya zauna a bakin gado ya yi ta ƙorafin ciwon da ba shi da shi, yana zargin likita, yana zargin Gassan, yana sake rabon fitilu. Subhi, wanda yanzu ko zama sai an tayar da shi, ya riƙa lallashinsa. "Haba, za ka warke. Ka dai rage wake." Wani lokaci su koma musun wane jirgi ne ya fara hawa tudun kudu ba a tura shi ba, har Subhi ya gaji barci ya ɗauke shi a tsakiyar zagi. Nazmi ya fito ya zauna a matakala ya yi kukansa, sannan ya shiga gida. Bai taɓa aikin da ya gajiyar da shi kamar wannan ba.

Duk da haka zargi bai bar shi ba, don hali zanen dutse. Wani kallo da Subhi ke yi masa ta wutsiyar ido bai kwanta masa ba.

Wata safiya Ummu Haisam ta fita dafa shayi, ɗakin ya rage su biyu. Rana ta shigo ta taga ta kwanta a kan bargo. Nazmi ya fara karatunsa na kullum, Subhi ya ɗaga yatsa.

"Ya isa haka, Abu Gassan. Wallahi ka fi kowa rashin iya ƙarya a unguwar nan. Tausayinka nake ji."

Nazmi ya zaro ido, Subhi ya ci gaba.

"Tun ranar da likita ya kira Haisam waje na sani. Ni yaro ne? Gyambon ciki!" Ya yi 'yar dariya, numfashinsa na fita da ƙyar. "Amma ka ga matar nan, ta sha wahala wajen ɓoyewa. Har kwalaben magani take sauya wa takarda. Abin da ya rage mata ke nan da za ta yi mini. Kada ka ƙwace mata."

"To me ya sa ka gaya mini? Ni? Duk garin nan ka rasa wanda za ka gaya wa sai ni?"

"Na gaji da zama ni kaɗai a ciki. Kuma kai ka fara, da ka sa ni rantsuwa a matakala."

Aka ji ƙarar kofuna a tire. Subhi ya lumshe ido ya ɗaga murya. "Ka sha maganinka, tsoho, ka daina damun mutane."

Bai ƙara sati ba. Ya cika wata Laraba bayan la'asar, ɗansa Haisam na riƙe da hannunsa, Nazmi na tsaye a bakin ƙofa yana maimaita masa kalmar shahada da muryar da ba ta fita sosai. Aka yi masa sutura washegari. Aka kafa rumfa a gindin matakala, aka yi kwanakin makoki ana zagayawa da gahawa mai ɗaci da dabino. Tsofaffin ƙungiya suka jeru a sahu ɗaya, ba wanda ya ambaci jirgi. Mutane suka yi ta mamakin Nazmi, wai mutuwar ta ɗaure masa harshe. Ba su san haƙoransa ya datse a kan maganar ba, don duk wanda ya zauna kusa da shi sai ya ce, "Alhamdu lillahi da bai san abin da ke damunsa ba."

Da aka tashi makoki, masu haya suka zo kwashe kujeru. Nazmi na taya su tarawa, sai ya ji an kira shi daga sama.

"Abu Gassan."

Ummu Haisam ce a bayan ƙofarta, ta buɗe kaɗan, baƙin mayafi ya rufe rabin fuskarta. Ya hau ya tsaya nesa kaɗan, ya sunkuyar da kai.

"Kai ne kullum a wurinsa," in ji ta. "Kuma kai ba ka iya ɓoye magana, shi ya sa zan tambaye ka, don na san abin da ka faɗa shi ne. Bai gane ba ko? Bai tafi da tsoro ba?"

Maganar ta taso masa har kan harshe, da zafinta, da muryar mai ita. Ya ɗago ya dubi matar, idanunta sun ƙanƙance don kuka, yatsunta sun damƙe bakin ƙofa.

"Bai gane komai ba, Ummu Haisam. Har ranar ƙarshe ni yake yi wa faɗa in sha magani."

Ta saki ƙofar. Ta yi wani dogon numfashi, ta sulale ta zauna a dokin ƙofa, ta rufe fuska da mayafi tana cewa, "Alhamdu lillahi, alhamdu lillahi."

Nazmi ya juya ya sauka. A ƙasa an gama naɗe rumfa, motar haya na jira da injinta a kunne. Saura 'yan kujerun roba a jikin bango. Ya ɗora su ɗaya kan ɗaya, ya rungume su a ƙirji, ya nufi motar a hankali, ba ya ganin gabansa.